Abin da kuɗin Amurka ya saya a El Salvador

Ranar 17 ga Fabrairun 1980, babban limamin Katolika na San Salvador, babban birnin ƙasar El Salvador, Oscar Romero, ya karanta wa jama'a a majami'a wata wasiƙa da ya rubuta wa shugaban Amurka na lokacin, Jimmy Carter. Ya ji labarin cewa Washinton na shirin aika wa sojojin ƙasarsa kayan aiki da masu horarwa, shi ne yake roƙon Carter, in dai da gaske yake kan maganar haƙƙin ɗan Adam da ya cika duniya da ita, ya hana wannan taimako, domin ba abin da zai ƙara wa talaka sai danniya. Kuɗin da ake magana a kai bai cika dala miliyan 6 ba. Ranar 23 ga Maris ya yi huɗubar da ya fuskanci ƙananan sojoji kai tsaye, ya ce musu waɗanda suke kashewa 'yan uwansu ne manoma, ya roƙe su, ya kuma umarce su da sunan Allah su daina. Washegari wani maharbi ya harbe shi yana tsaka da jagorantar addu'a a ɗan ƙaramin cocin wani asibiti. 'Yan kwanaki bayan jana'izarsa, wadda ita ma aka buɗe wa mahalartanta wuta, wani kwamitin Majalisar Dokokin Amurka ya amince da kuɗin.

Ta wannan 'yar ƙofa aka shiga. Zuwa 1984 taimakon soja kaɗai ya kai kusan dala miliyan 197 a shekara guda. Kafin a ajiye makamai a yaƙin basasar ƙasar a 1992, in aka haɗa na soja da na tattalin arziki, abin ya haura dala biliyan 4. Duk wannan a ƙasar da faɗinta bai fi na Jihar Kano da wani abin kirki ba, mutanenta kuma a lokacin ba su cika miliyan 5 ba. Kimanin mutum 75,000 ne suka mutu.

Hujjar da jami'an Amurka suka riƙa bayarwa a waɗannan shekaru iri ɗaya ce da wadda suka bayar a Biyetnam ta Kudu zamanin Ngo Dinh Diem, kuma har yau ba ta tsufa ba. Cewa suke yi: mun san gwamnatin nan tana da laifi, amma in muka janye hannu 'yan gurguzu za su karɓe ƙasa, in kuwa muna ciki, muna ba su kuɗi da makami, muna da bakin da za mu ce su gyara. Ni a ganina wannan lissafi a juye yake. Ranar da babbar ƙasa ta fito ta shaida wa duniya cewa ko ana ha-maza ha-mata ba za ta bari wata gwamnati ta faɗi ba, ranar ta miƙa wa wannan gwamnati linzami. Hafsoshin da ke karɓar makaman ba wawaye ba ne. Suna jin jakada yana faɗa kan haƙƙin ɗan Adam da safe, da yamma kuma suna jin shugaban Amurka a rediyo yana cewa tsaron ƙasarsa ya rataya a kansu. Sun san wace magana ce ta gaske.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane dalilin da ya sa jama'a suka juya wa gwamnatin baya. Arzikin ƙasar gahawa ne, gonakin gahawa kuwa suna hannun wasu 'yan tsirarun gidaje da ake wa laƙabi da gidaje goma sha huɗu, ko da yake sun ɗara haka. Talakan ƙauye ba shi da gona, sai ƙodago lokacin tsinkar gahawa da yankan rake da cirar auduga, sauran watanni ya zauna da yunwarsa. A Janairun 1932 manoma suka yi bore a yammacin ƙasar. Janar Maximiliano Hernandez Martinez ya murƙushe su da kisan da masana tarihi ke ƙiyasta shi tsakanin mutum 10,000 da 30,000, ya kuma sa aka harbe jagoran 'yan gurguzu Farabundo Marti. Daga nan har 1979 mulki bai bar hannun soja ba sai na ɗan taƙi: hafsoshi su riƙe fadar gwamnati, masu gonaki su riƙe dukiya. Waɗanda suka gwada hanyar akwati sun ga abin da ya faru a 1972. Jose Napoleon Duarte, mutum mai matsakaicin ra'ayi, shi ke kan gaba, sai aka dakatar da sanar da sakamako, da aka dawo ɗan takarar soja ne ya ci. Duarte ya sha duka a hannun sojoji, aka kore shi zuwa Benezuwela. An maimaita maguɗin a 1977, masu zanga-zanga kuma aka buɗe musu wuta a dandalin tsakiyar birni. Duk wanda zai ba da labarin tawayen ƙasar nan ya fara daga Habana ko Mosko, ya tsallake waɗannan shekaru, to daga tsakiya ya fara.

Wannan ba wanke 'yan tawayen ba ne. Ƙungiyar FMLN, wadda ƙungiyoyi biyar suka dunƙule suka kafa a Oktoban 1980, 'yan gurguzu ne na gaske a shugabancinta, kuma Fidel Castro da kansa ya matsa musu su haɗa kai. Makamai sun biyo ta Kyuba da Nikaraguwa, inda 'yan tawayen Sandinista suka kifar da shugaban ƙasar, Somoza, a Yulin 1979. Shugaban jam'iyyar kwaminisancin ƙasar, Shafik Handal, ya yi yawon neman bindigogi har Biyetnam. Hannunsu ma da jini. Sun kashe magadan gari a yankunan da suke da ƙarfi don kawai sun karɓi muƙamin gwamnati. Sun fasa manyan gadojin kogin Lempa, sun tumɓuke turakun lantarki, sun binne nakiyoyin da suka guntule ƙafafun yaran ƙauye. A Yunin 1985 sun buɗe wuta a wuraren cin abinci na unguwar Zona Rosa suka kashe sojojin ruwan Amurka huɗu da fararen hula. Har junansu ba su bari ba, domin 'yan uwanta na gwagwarmaya ne suka kashe Melida Anaya Montes a Managua a 1983. Tsoron da Washinton ta ji bai fito daga iska ba. Abin dubawa shi ne me ta yi da tsoron.

Abin da ta yi shi ne hawa tsani taki-taki, kowane taki ana cewa shi ne na ƙarshe. Ranar 2 ga Disamban 1980 dakarun rundunar tsaron ƙasa suka tare wasu Amurkawa mata huɗu masu aikin coci a hanyar filin jirgi, sistoci uku da wata 'yar agaji: Maura Clarke, Ita Ford, Dorothy Kazel da Jean Donovan. Suka yi musu fyaɗe, suka harbe su, aka binne su a ramin bakin hanya. Carter ya dakatar da taimako. Dakatarwar ba ta yi wata biyu ba. FMLN ta ƙaddamar da babban farmaki ranar 10 ga Janairun 1981, sai Carter, ana saura kwanaki ya bar mulki, ya maido da taimakon, har da bindigogi da harsasai. Sojojin El Salvador sun koyi darasi tun daga nan: ko 'yan ƙasar Amurka ka kashe, fushin na makonni ne. Ronald Reagan na hawa, sakatarensa na harkokin waje Alexander Haig ya ce a El Salvador za a ja wa kwaminisanci layi. Aka sallami jakada Robert White, wanda ya ƙi rufa wa masu kisan asiri. Haig ya tsaya gaban Majalisa yana cewa mai yiwuwa matan nan sun yi ƙoƙarin ƙetare shingen bincike ne, Jeane Kirkpatrick kuma, wadda Reagan ya naɗa jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce ai ba sistoci kawai ba ne, 'yan siyasa ne. A Maris 1981 aka ƙara dala miliyan 25, aka kai yawan mashawartan soja 55. Wannan adadi na 55 ya zama kamar alkawari ga Amurkawan da raunin Biyetnam bai warke musu ba. An riƙe shi a takarda ta hanyar ƙin ƙirga waɗanda suka zo aikin wucin gadi, da kuma kwasar dakarun El Salvador ana kai su sansanonin Amurka da Honduras a horar da su a can.

Majalisar Dokoki ta so ta sa wa abin takunkumi. A ƙarshen 1981 ta yi doka cewa duk wata shida sai shugaban ƙasa ya sa hannu ya shaida cewa gwamnatin El Salvador tana ƙoƙarin mutunta haƙƙin ɗan Adam kafin kuɗi ya fita. A ido doka ce mai kyau. A aikace, abin da ta haifar shi ne ta mayar da jami'an Amurka lauyoyin sojojin El Salvador. Tunda an riga an yanke cewa kuɗin dole ya tafi, kuma ba zai tafi ba sai da shaidar ci gaba, to dole a samo ci gaba ko da babu shi. Gwajin farko ya zo da wuri, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan dakata.

El Mozote wani ƙauye ne a tsaunukan lardin Morazan. Da yawa daga mutanensa mabiya cocin bishara ne da ba a san su da bin 'yan tawaye ba. Da aka ji sojoji na tafe, wani ɗan kasuwan ƙauyen ya kawo labarin cewa an tabbatar masa duk wanda ya zauna cikin gari ba za a taɓa shi ba, don haka har mutanen rugagen kewaye suka kwaso 'ya'yansu suka shigo. Rundunar da ta iso ranar 10 ga Disamban 1981 ita ce Bataliyar Atlacatl, ƙarƙashin Laftanar Kanar Domingo Monterrosa, runduna ta farko ta kai ɗaukin gaggawa da mashawartan Amurka suka horar a wannan shekarar, abar alfaharinsu. Washegari da asuba aka fito da kowa fili. Aka ware maza aka fara da su. Aka ware 'yan mata aka hau da su tudu. Sannan sauran mata, rukuni-rukuni. Yara aka tara su a wani ɗan ɗaki da ke jikin coci. Wata mata, Rufina Amaya, ta sulale daga layi ta ɓuya a bayan bishiya, daga nan tana jin muryoyin 'ya'yanta. Ta rasa mijinta da 'ya'ya huɗu. Rajistar da gwamnatin ƙasar da kanta ta fitar a 2017 ta ƙirga mutum 978 da aka kashe a ƙauyen da kewayensa, 553 daga cikinsu yara.

'Yan jarida biyu, Raymond Bonner na New York Times da Alma Guillermoprieto ta Washington Post, suka taka har wurin, suka ga gawarwaki, labarinsu ya fito ranar 27 ga Janairun 1982. Ranar 28 ga wata Reagan ya sa hannu a takardar shaidar cewa ana samun ci gaba. Ofishin jakadanci ya tura jami'ai biyu bincike, ba su ƙarasa ƙauyen ba suka juyo. Da wannan rahoto mataimakin sakataren harkokin waje Thomas Enders ya gaya wa Majalisa cewa babu shaidar an yi kisan kiyashi, ya ƙara da cewa mutanen ƙauyen gaba ɗaya ba su wuce 300 ba. Elliott Abrams, wanda shi ne ma ke riƙe da ofishin haƙƙin ɗan Adam, ya ce 'yan tawaye ne ke zuzuta maganar. Aka yi wa Bonner ca, kafin shekara ta ƙare jaridarsa ta janye shi daga yankin.

Shekara goma sha ɗaya aka yi kafin ƙasa ta ba da shaida. A 1992 wasu ƙwararrun masu binciken ƙasusuwa 'yan Ajantina suka tone ɗakin nan na jikin coci. Suka fito da ƙwarangwal 143, 131 daga ciki na yaran da ba su kai shekara 12 ba, matsakaicin shekarunsu kimanin shida. Suka tsinci kwanson harsashi 245, a gindin 184 daga cikinsu ana iya karanta tambarin masana'antar da ta ƙera su domin gwamnatin Amurka, a Lake City ta jihar Missouri. Idan aka ce taimakon soja, yawanci abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne adadi a takardar kasafi. A El Mozote an ga inda adadin ya sauka.

Masu kare wannan siyasa suna cewa Amurka ba ta da ikon hana irin wannan, sojojin sun fi ƙarfin kowa. Tarihin yaƙin kansa ya ƙaryata su, har sau uku. Shari'ar waɗanda suka kashe matan coci ta yi ta jan ƙafa shekara uku, sai da Majalisa ta riƙe kashi 30 cikin 100 na taimakon soja ta ce ba zai fita ba sai an yanke hukunci. A Mayun 1984 kotu ta ɗaure ƙananan dakaru biyar. A Disamban 1983 mataimakin shugaban ƙasa George Bush ya je San Salvador da jerin sunaye a hannu, ya gaya wa manyan hafsoshi ƙiri-ƙiri cewa in 'yan ina-da-kisa ba su sassauta ba Majalisa za ta rufe famfo. Gawarwakin da ake tsinta a bakin titi kowace safiya suka ragu sosai a shekarar da ta biyo. Na ukun zan zo kansa. Abin da waɗannan ke nunawa shi ne kisan yana da makunni, kuma an san inda makunnin yake. Duk lokacin da hafsoshin suka gaskata cewa kuɗin zai iya tsayawa, sun ja baya daidai gwargwadon da zai sa ya ci gaba da zuwa, ba su ƙara ko taki ɗaya ba. Ƙananan dakaru biyar suka tafi kurkuku, shi kuwa kwamandansu, Carlos Eugenio Vides Casanova, wanda daga baya kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya same shi da hannu a rufa-rufa, ya zama ministan tsaro daga 1983 zuwa 1989, ya yi ritaya ya tare a Florida. Sai a 2015 aka tasa ƙeyarsa gida.

Akwai wani gefen da ba a cika magana a kai ba, wato abin da kuɗi mai yawa ke yi wa rundunar da ba ta da mai tuhumarta. Sojan El Salvador ya kumbura har ya haura mutum 50,000. Hafsoshinsa suna tafiya ne aji-aji: waɗanda suka gama makarantar soja tare, tare ake ƙara musu girma, mai ƙwazo da rago, mai gaskiya da ɓarawo, kuma ba mai tona asirin ɗan ajinsu. Kwamandan bataliya yana da sojojin bogi a takardar albashi, kuɗinsu na shiga aljihunsa duk wata. Ana ba da hayar dakaru su yi gadin gonakin masu kuɗi. Asusun fanshon soja ya zama ɗaya daga cikin manyan masu jari a ƙasar. Su kuwa waɗanda ke mutuwa a daji, yaran talakawa ne da ake tarewa a motar haya ko a ƙofar silima a jefa su cikin babbar mota, ɗan mai kuɗi ba ya shiga wannan layi. Mutumin da yaƙi ke ciyar da shi haka, me zai sa ya yi gaggawar gama shi? Wani rahoto da Benjamin Schwarz na cibiyar RAND ya rubuta wa ma'aikatar tsaron Amurka a 1991 ya kai ga wannan matsaya: hafsoshin sun fahimci cewa Amurka ta ɗaure kanta, don haka barazanarta ba ta da haƙori. Gyaran rabon gonaki ma da aka fara a Maris 1980, kashinsa na biyu, wanda shi ne zai taɓa gonakin gahawa, bai taɓa aiki ba. Shugaban hukumar rabon, Jose Rodolfo Viera, harbe shi aka yi a otal ɗin Sheraton a Janairun 1981 tare da Amurkawa biyu masu ba shi shawara.

Hujja mafi ƙarfi da ɗaya ɓangaren ke da ita ita ce in ba don taimakon ba da gwamnatin ta faɗi wajen 1983, lokacin da 'yan tawaye ke cin barikoki. Wannan gaskiya ne, kuma ban raina ta ba. Wanda ya dubi abin da Daniel Ortega, jagoran 'yan Sandinista, ya zama a Nikaraguwa yau ba zai yi wa mulkin tsofaffin 'yan sari-ka-noƙe kyakkyawan zato kyauta ba. Amma hujjar tana ɓoye hanya ta uku da ta kasance a buɗe tun farko. A Agustan 1981 Faransa da Meziko suka fito tare suka ce 'yan adawar nan suna wakiltar wani ɓangare na al'umma, a zauna da su. Washinton ta ƙi, ta ce ba za a raba mulki da masu bindiga ba, su zo su shiga zaɓe. Zaɓen da za su shiga kuwa, a ƙasar da a Nuwamban 1980 aka kwashe shugabannin haɗakar 'yan adawa na farar hula su shida daga wurin taro da rana tsaka, aka tsinci gawarwakinsu da alamun azabtarwa. A Oktoban 1984 Duarte, wanda zuwa lokacin ya zama zaɓaɓɓen shugaba, ya zauna da 'yan tawaye a garin La Palma. Zaman bai je ko'ina ba, domin sojan da jiragen yaƙi da masu saukar ungulu ke ta iso masa yana ganin nasara na nan tafe, 'yan tawayen ma ba su cire rai da tasu ba. Kisan ya tashi daga titunan birni ya koma ruwan bama-bamai a Guazapa da Chalatenango da Morazan, inda 'yan jarida ba su cika kaiwa ba.

Nasarar ba ta zo ba. Ranar 11 ga Nuwamban 1989, kwana biyu da faɗuwar katangar Balin, 'yan tawayen da aka shekara ana cewa sun kusa ƙarewa suka shigo babban birni suka riƙe unguwanni, har da na masu kuɗi. Cikin ruɗewa, manyan hafsoshi suka yanke shawarar kawar da waɗanda suke ganin su ne ƙwaƙwalwar tawaye. Daren 16 ga wata dakaru suka shiga jami'ar Katolika ta UCA, suka kwantar da shugabanta Ignacio Ellacuria da wasu limamai biyar 'yan ɗarikar Jesuit suka harbe su, suka haɗa da mai yi musu girki Elba Ramos da 'yarta Celina mai shekara 16, don kada a bar shaida. Ellacuria shi ne mutumin da ya fi kowa ƙoƙarin haɗa ɓangarorin biyu a teburi. Dakarun da suka yi aikin 'yan Bataliyar Atlacatl ne, bayan shekara takwas na horon Amurka, har da darussan haƙƙin ɗan Adam.

Wannan ne karo na uku. Ɗan majalisa Joe Moakley ya jagoranci bincike da ya bi sawun kisan har saman rundunar. Janar Maxwell Thurman, kwamandan dakarun Amurka na yankin, ya amsa wa Majalisa a farkon 1990 cewa gwamnati ba za ta iya cin yaƙin da bindiga ba. A ƙarshen shekarar Majalisa ta riƙe rabin taimakon soja na dala miliyan 85. Tarayyar Sobiyat na rushewa, 'yan Sandinista sun faɗi zaɓe, babu sauran dodon da za a tsorata Majalisa da shi. A karon farko hafsoshin suka ga cewa famfon zai iya ƙafewa da gaske. Ba a cika shekara ɗaya da rabi ba aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a fadar Chapultepec ta birnin Meziko, ranar 16 ga Janairun 1992, da shiga tsakanin Majalisar Ɗinkin Duniya. Aka rushe rundunar tsaron ƙasa da 'yan sandan baitulmali, aka kafa sabuwar rundunar 'yan sanda ta farar hula, aka rage soja da rabi, aka wargaza Atlacatl, FMLN ta zama jam'iyya. Gwamnatin da ta sa hannu ta jam'iyyar ARENA ce, wadda Roberto D'Aubuisson ya kafa, mutumin da kwamitin gaskiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya binciki ta'asar yaƙin, ya ce shi ya ba da umarnin kashe Romero. Kwamitin ya karɓi ƙorafi sama da 22,000, ya ɗora kashi 85 cikin 100 a kan jami'an gwamnati da 'yan ina-da-kisan da ke tare da su, kashi 5 a kan 'yan tawaye. Kwana biyar da fitar rahoton a Maris 1993 majalisar ƙasar ta yi wa kowa afuwa. A 2009 FMLN ta ci zaɓen shugaban ƙasa, a 2014 tsohon kwamandanta Salvador Sanchez Ceren ya hau kujera. Sun yi shekara goma, sun yi nasu cin hancin, jama'a suka kayar da su da ƙuri'a.

Bashin yaƙin bai ƙare da sa hannu ba. Dubban ɗaruruwa sun gudu Amurka, wadda ta ƙi ba kusan dukkansu mafaka, don in ta ba su ta amsa cewa gwamnatin da take ɗaure wa gindi tana kashe mutanenta. 'Ya'yansu suka tashi a unguwannin talakawa na Los Angeles, a nan ƙungiyar daba ta MS-13 ta samo asali. Bayan dokar shige da fice ta 1996 aka riƙa kwaso su jirgi-jirgi ana saukewa a ƙasar da ke cike da bindigogi da marayu. Zuwa 2015 El Salvador ce kan gaba a duniya wajen yawan kisan kai in aka auna da yawan jama'a.

Ɗaya daga cikin sanatocin da suka jagoranci riƙe rabin kuɗin nan a 1990 shi ne Patrick Leahy, kuma sunansa ba baƙo ba ne a Najeriya. Dokar da ke ɗauke da sunansa tun 1997 ta hana ba da taimako ga duk rundunar da aka samu sahihiyar shaidar ta tafka ta'asa. Mun ji haushin irin wannan sharaɗi a 2014 lokacin da aka hana sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram, har Shugaba Buhari ya soki dokar a Washinton a Yulin 2015. Na fahimci haushin, kuma Boko Haram ba FMLN ba ce ta kowace fuska. Amma kafin mutum ya tsine wa dokar, ya kamata ya san irin kaburburan da suka sa aka fara tunaninta. Aibinta a wurina shi ne ana ɗaga ta ne a kan wanda ba a damu da faɗuwarsa ba, a kau da kai a kan wanda ake tsoron rasawa.

A Washinton kuwa, El Salvador ta shiga littafi a matsayin nasara: an hana 'yan gurguzu mulki, ba a tura runduna ba, Amurkawan da suka mutu ba su da yawa. Mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Dick Cheney, ya kafa misali da ita a muhawarar zaɓen 2004 yana maganar Afganistan. Kanar James Steele, wanda ya shugabanci mashawartan soja a San Salvador a tsakiyar shekarun 1980, ya sake ɓulla a Iraƙi yana aiki da rundunonin 'yan sanda na musamman da aka zarga da azabtar da fursunoni. A Janairun 2019 aka naɗa Elliott Abrams wakili na musamman kan Benezuwela. Da ya zo gaban Majalisa a watan da ya biyo, 'yar majalisa Ilhan Omar ta tuna masa cewa ya taɓa kiran siyasar Amurka a El Salvador gagarumar nasara, ta tambaye shi ko El Mozote na cikin nasarar. Ya ce tambayar shirme ce, ya kuma ce tun ranar da aka zaɓi Duarte ƙasar take kan dimokuraɗiyya, wannan ita ce nasarar. Zaɓen da yake nufi shi ne na 1984, wanda hukumar leƙen asiri ta CIA ta zuba wa Duarte kuɗi a ciki, kuma babu ɗan takara ko ɗaya daga haɗakar 'yan adawar da aka kashe shugabanninta shekara uku da rabi kafin nan.